Yadda Ake Sa wa Ɗan Ƙwallo Zafin Nama

Da la'asar sakaliya ka leƙa duk wani filin firamare da matasan unguwa ke atisaye, abin da za ka tarar kusan iri ɗaya ne. Koci na tsaye a tsakiya da usur a baki, yara na zagaye fili, sau goma, sau sha biyar, har ashirin idan ranar ransa a ɓace yake. Sai sun jiƙe sharkaf, harshe a waje, sannan ya ce a jeru za a yi gudun sauri. Ni ma haka na yi shekaru ina yi, don haka aka yi mana.

Wanda ya raba ni da wannan ɗabi'a wani yaro ne da ke buga mana lamba bakwai, siriri kamar iska ta ɗauke shi. Ranar nan bayan zagaye na sha biyar na ce su ruga mita hamsin sau shida. A na huɗu, yana tsakiyar gudu sai ya yi wani irin tsalle kamar wanda kunama ta harba, ya dafe bayan cinya, ya zube. Da na isa kansa cewa ya yi, "Koci, wa ya jefe ni da dutse?" Babu wanda ya jefe shi, tsoka ce ta yage. Wata biyu ya yi yana kallonmu daga gindin darbejiya, mahaifinsa kuwa har yau idan muka haɗu a masallaci ciki-ciki yake amsa gaisuwata.

Tun daga nan na gane abu biyu, kuma a kansu duk bayanin nan ya ginu. Jikin da ya gaji ba ya koyon sauri. Sannan zafin nama a ido yake farawa kafin ya sauka ƙafa.

Me ake nufi da zafin nama a fili?

A tseren mita 100 abin a bayyane yake: a harba bindiga, ka tashi. Ranar da Usain Bolt ya kafa tarihin sakan 9.58 a birnin Balin na Jamus a 2009, tsakanin ƙarar bindiga da motsinsa sakan 0.146 ne. Dokar tsere ma ta ce duk wanda ya motsa kafin sakan 0.100 ya cika, caca ya yi, ba ƙarar ya ji ba, don haka an kore shi. Bolt ɗin da kansa ya taɓa yin riga-malam-masallaci a wasan ƙarshe na gasar duniya a Daegu ta Koriya ta Kudu a 2011, aka fitar da shi.

A ƙwallo babu mai harba maka bindiga. Tuna ƙwallo ta biyu da Ahmed Musa ya ci Aislan a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Doguwar ƙwallo aka jefo ta gefen hagu, ya tashi ya bar ɗan baya, ya karya ciki, ya yanke gola, ya ɗan dakata ya daidaita, sannan ya buga. Cikin 'yan sakan ɗin nan ya yi aiki uku: ya hango, ya tashi, ya taka birki ya sauya hanya. Su ukun nan za ka horar, kowanne da irin aikinsa. Kuma tazarar da ake magana a kai ƙarama ce ƙwarai. Mai gudun mita 7 a sakan guda, idan ya riga abokin karawarsa tashi da kashi ɗaya cikin goma na sakan, ya ba shi ratar santimita 70. Ratar nan ita ke raba wanda ya taɓa ƙwallo da wanda ya taɓa ƙafar mutum ya karɓi kati.

Mataki na farko: auna su kafin ka taɓa su

Ba ka buƙatar na'ura mai tsada. Rula ta 'yan makaranta, awon tela ko na magina, toka ta zana layi, gorunan ruwa na roba da aka cika da yashi, da waya mai ɗaukar bidiyo, sun isa.

Gwajin rula: yaro ya zauna ya ɗora hannu a kan benci, yatsu biyu a buɗe, kai kuma ka riƙe rula a tsaye, sifilinta daidai tsakanin yatsunsa. Ka sake ta ba sanarwa, ya cafke. Idan ya kama a santimita 10, sakan 0.14 ke nan. A 15, wajen 0.17; a 20, sakan 0.20, a 30, sakan 0.25. A yi sau biyar, a jefar da mafi kyau da mafi muni, a ɗauki tsakiyar sauran. Kada ka ɗora wa gwajin nan nauyin da ya fi ƙarfinsa. Amfaninsa shi ne ya nuna maka ranar da yaro bai yi barci ba ko zazzaɓi na shirin kama shi, amma ba ya nuna wanda zai iya tare ɗan gaba.

Gwajin mita 10: ka tsaya a gefe daidai layin ƙarshe, ka ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya. Wayoyi da yawa suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a sakan guda, sai ka ƙirga daga motsin farko zuwa lokacin da ƙirji ya ƙetare layi. Agogon hannu a gajeren gudu irin wannan yana iya yi maka ƙaryar kusan kashi biyu cikin goma na sakan, ci gaban da kake nema kuwa bai ma kai haka ba.

Gwajin juyawa, wanda ake kira 5-0-5: ya taso daga mita 10 baya da gudu, lokaci ya fara idan ya ƙetare layin farko, ya ci mita 5, ya taka layi na biyu, ya juyo ya sake ƙetare layin farko. A yi da ƙafar dama, a yi da ta hagu. Kusan kowane yaro yana da ɓangaren da yake juyawa kamar babbar mota. Ka rubuta shi, don nan aikinka yake.

Mataki na biyu: gyara lokacin aiki da hutu

Wannan shi ne matakin da kociyoyi suka fi ƙi, don a idon mai kallo kamar lalaci ne. Aikin sauri a farkon atisaye ake yinsa, bayan ɗumama jiki, kafin komai. Dalilin a cikin tsoka yake. Ƙarfin da ake fizgar gudu da shi yana fitowa daga wani sinadari da ake kira fosfokiriyatin, wanda yake raguwa sosai cikin sakan 10 na aiki mai tsanani. Wajen rabinsa yana dawowa cikin rabin minti, amma kafin ya cika sai an yi minti uku zuwa biyar. Idan ka sa yaro ya sake rugawa kafin tankinsa ya cika, gudun da zai yi bai kai iyakarsa ba, jiki kuma abin da aka maimaita masa shi yake riƙewa. Ka koya masa juriya, ka kuma koya masa nawa.

Ƙa'idar da masu horar da 'yan tsere ke bi mai sauƙin riƙewa ce: duk mita 10 na gudu iya ƙarfi, hutun minti ɗaya. Mita 20, minti biyu. Jimillar gudun rana ɗaya kada ta wuce mita 150 zuwa 250 ga matasa. Sau biyu a mako ya isa, kuma a bar kwana biyu a tsakani. Idan tsayuwa tana sa yara surutu, ka ba su ƙwallo su riƙa ɗan taɓawa a hankali bibbiyu. Dattawan da ke zama a bakin fili za su ce, "Malam, yau ba a aiki ne?" Ka yi murmushi ka ce ana yi, Baba.

Mataki na uku: ɗumama jiki

Minti 15 zuwa 20. Sassarfa, gudu da baya, tafiyar gefe, ɗaga gwiwa, buɗe ƙugu waje da ciki, tsugunno, tsayuwa a ƙafa ɗaya ana jefo ƙwallo, sai gudu uku ko huɗu na mita 20 da ake ƙara wa wuta a hankali. Miƙar da ake daɗewa a ciki, a bar ta sai an tashi. Idan kana son tsararren abu, nemi shirin FIFA mai suna 11+, kyauta ne. An gwada shi a kan 'yan mata matasa a ƙasar Nowe, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna rauni ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, aka kuma gwada shi a gasar matasa ta Legas, sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raguwar kashi 41 cikin 100. Lokacin hunturu da sassafe ka ƙara minti biyar.

Mataki na huɗu: tashi

Yawancin gudun ɗan ƙwallo bai wuce mita 20 ba, don haka taku uku zuwa biyar na farko su ne jarinsa. Wani bincike da aka yi a kan ƙwallayen da aka ci a gasar Jamus ya gano cewa gudu miƙaƙƙe shi ne abin da ya fi yawan gabatar cin ƙwallo, kusan rabinsu.

Fara da bango. Yaro ya dafa katangar aji da hannu biyu, ya ja ƙafafu baya har jiki ya karkace, daga ƙeya zuwa dunduniya layi ɗaya, ba a turo ɗuwawu ba. Ya ɗaga gwiwa ɗaya. Ka tafa, ya sauya ƙafa da ƙarfi ya tsaya cak. Sau biyar kowane ɓangare, sannan sauyi biyu a tafi ɗaya, sannan uku. Kalmar da ta fi yi mini aiki ita ce, "Ka taɓa tura motar da ta mutu? To haka." Duk yaron da ya taɓa tura mota ya san ba a tsaye ake yi ba, kuma ƙasa ake turawa baya.

Sai faɗuwa. Ya tsaya ƙafa a haɗe, ya karkato gaba kamar icen da aka sare, sai ya ji zai ci ƙasa sannan ya fizga, mita 10. Sau huɗu. Bayan mako ɗaya ko biyu a sauya wurin tashi: daga rub da ciki, daga zaune, daga gwiwa ɗaya a ƙasa, daga juya baya. A ƙarshe kora: mutum biyu, na gaba ya ba na baya ratar mita 2, na gaban ne ke zaɓar lokacin tashi, na baya ya yi ƙoƙarin taɓa shi kafin mita 15. Ba za ka taɓa samun gudun gaskiya daga yaro ba sai ka sa abokinsa a bayansa. Idan akwai ɗan tudu mara tsayi kusa da fili, hawansa mita 10 zuwa 15 yana koyar da karkatar jiki fiye da duk surutunka.

Abin da za ka sa wa ido: hannu ya riƙa tafiya daga kafaɗa, gaba da baya, kada ya gitta ƙirji, kai kada ya ɗago da wuri, takun farko kada ya yi tsawo har dunduniya ta sauka gaban jiki, don wannan birki ne. Akwai kuma ɗan takun baya da mutum ke yi idan zai tashi daga tsaye, wanda na yi shekaru ina yi wa yara tsawa a kansa. Ashe kuskurena ne. An gwada an ga yana sa a fi saurin tashi, don yana sa ƙafa inda za ta iya turi. Ƙyale su.

Mataki na biyar: birki da juyawa

Motar da ba ta da birki direbanta ba ya sakin jiki ya taka ta. Haka ɗan wasa. Wanda bai yarda da tsayuwarsa ba, tun daga nesa yake rage gudu, shi ya sa za ka ga yaron da ya fi kowa a tseren miƙe amma a cikin wasa kullum a makare. A nan kuma gwiwa ke lalacewa. Jijiyar cikin gwiwa da ke kwantar da ɗan wasa kusan shekara, sau da yawa ba duka ne ke tsinka ta ba, juyi ne ko dira a kan miƙaƙƙiyar ƙafa, gwiwa ta faɗa ciki. 'Yan mata sun fi maza fuskantar wannan, don haka mai horar da su ya ninka kula.

Zana akwati da toka, tsawon mita 2. Yaro ya taso daga mita 10 da rabin gudunsa, ya tsaya a cikin akwatin, ya daskare sakan biyu. Ka zagaya gabansa ka duba: ƙugu ya sauka ƙasa, gwiwa a lanƙwashe tana kallon inda yatsun ƙafa ke kallo, ƙirji bai rinjaya gaba ba, taku gajeru ne masu sauri. Ka kuma saurara. Birki mai kyau ba shi da ƙara sosai. Idan ka ji dam, dam, nauyin a gaɓoɓi yake sauka. Mako na farko rabin gudu, na biyu kashi uku cikin huɗu, sai wanda ya iya ne za a bari ya zo da cikakken gudu.

Daga nan a shiga karya kwana: ƙaramar kwana tukuna, sannan irin ta kusurwar ɗaki, sannan juyowa gaba ɗaya. Mai son zuwa hagu da ƙafar dama zai tokare, ya kafa ta can waje da jikinsa, ya tura. Sirrin da yara ba su sani ba shi ne, rage gudun a takun da ke kafin na ƙarshe ake yinsa. Idan aka bar wa ƙafar ƙarshe aikin tsayawa da na juyawa duka, ta daɗe a ƙasa, gwiwa kuma ta sha wuya. Ka ce musu, "Zauna a na biyun ƙarshe, tashi a na ƙarshe." Ɓangaren da gwaji ya nuna rauni, a ƙara masa biyu a kan ɗaya. Filin da ya yi tsakuwa ko santsin damina ba wurin wannan aiki ba ne, a share ko a sauya wuri.

Mataki na shida: tsalle da ƙarfi

Ƙwararren ɗan tsere idan ya kai ƙarshen gudunsa, ƙafarsa wajen kashi ɗaya cikin goma na sakan take yi a ƙasa. A ɗan wannan lokaci dole agara da sha-raɓa su karɓi nauyi su mayar kamar roba. Wani koci na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Yuri Verkhoshansky, shi ya shahara da tsara horon wannan tun shekarun 1960, ta hanyar dirowa daga kan akwati a sake tashi nan take. Amma nasa na ƙwararrun manya ne, kada ka fara da shi.

Fara da dira: ya sauko daga benci mai tsayin santimita 20 zuwa 30, ya dira shiru, ya tsaya. Sai tsallen igiya, sai ƙananan tsalle a wuri ɗaya da gwiwa kusan a miƙe kamar ƙasa na da zafi, sai dogon tsalle daga tsaye, sai tsallen gefe daga ƙafa ɗaya zuwa ɗaya a tsaya cak. Ka ƙirga dirar ƙafa: 40 zuwa 60 a rana ga sabon shiga. Ban da siminti, ban da kwalta. Yashi mai zurfi yana ƙara ƙarfi amma yana sa ƙafa ta daɗe a ƙasa, don haka ba shi ne wurin koyon sauri ba.

Mu kuwa muna da abinmu tun kaka da kakanni. Langa ta haɗa tsalle a ƙafa ɗaya, daidaita jiki, ture, zulliya, da karanta mutum, ruwa na neman hanyar sha ana tare shi. Minti biyar na langa, ana sauya ƙafa, ya fi atisaye da yawa da ake kwafowa daga waya, ga shi yara ba sa jin aiki suke yi. Illa dai ka sa ta cikin lissafin tsallen ranar.

Ga tsokar bayan cinya, wadda ta kwantar mini da lamba bakwai, akwai magani ɗaya da ba na wasa da shi. Yaro ya durƙusa a kan tabarma ko riga, abokinsa ya danne masa idon sawu, ya riƙa sauka gaba a hankali jiki a miƙe, yana riƙe kansa iya iyawarsa, sai ya tare ƙasa da hannu. Binciken da aka tattara ya nuna yana rage yagewar tsokar da wajen rabi. A fara da sau biyar, zubi biyu, sau ɗaya a mako, a ƙarshen atisaye. Ka gargaɗe su cewa jibi za su ji ruku'u na yi musu wuya.

Mataki na bakwai: ido

Duk abin da ya gabata, yaro ya san inda zai je tun kafin ya tashi. A wasa kuwa bai sani ba. Masu nazarin wasanni a Ostireliya sun daɗe da bambance sauya hanyar da aka tsara da wadda ake yi don amsa motsin wani, kuma an sha ganin cewa manyan 'yan wasa ba lallai su fi na ƙasa da su a ta farko ba, a ta biyu suke barin su. Tun a 1952 wani masani ɗan Birtaniya, William Hick, ya nuna cewa yawan zaɓi yana ƙara daɗewar yanke shawara. Gwani yana rage zaɓin ne tun kafin abu ya faru, don ya riga ya karanta jikin mutum.

Ɗauki gola a fanareti. Tazarar mita 11 ce, ƙwallon da aka buga da gudun kilomita 100 a awa tana isa raga cikin sakan 0.4. Ganinta kaɗai da ba jiki umarni ya cinye wajen rabin wannan, ragowar ba ta isa a kai kusurwa. Golan da ke kamawa yana duban yadda mai bugu ya taho, inda ya kafa ƙafar tokari, da inda ƙugunsa ya buɗe. A wani gwaji da aka yi wa Cristiano Ronaldo a 2011, an riƙa kashe fitila bayan an bugo masa kurosin, ya ci a cikin duhu. Ɗan damben da ya goce wa naushi ma kafaɗa ya gani ta motsa, da hannu ya jira da tuni yana ƙasa ana kiɗa wa wani.

Saboda haka abin da yaro zai amsa wa ya zama mutum da ƙwallo. Usur da kiran launi suna da amfani a makon farko don a tashi hankali daga barci, amma babu ɗan gaban da ke busa usur kafin ya yanke ka. Ga yadda nake jera su, daga mai sauƙi:

Sakin ƙwallo. Ka tsaya mita 4 ko 5 daga yaro da ƙwallon tanis a kowane hannu, hannuwa a buɗe daidai kafaɗa. Ka saki ɗaya, ya kama kafin ta yi tsalle na biyu. Idan ya iya, ƙara taku guda baya.

Inuwa. Mutum biyu suna fuskantar juna tsakanin goruna biyu masu ratar mita 5. Ɗaya na tafiya gefe da gefe yadda ya ga dama, ɗayan na binsa kamar inuwarsa. Sakan 5 zuwa 6 kawai, sai hutun minti ɗaya, a sauya. Idan ka bari ta kai sakan 20 ta koma aikin juriya. A nan za ka koya musu wurin kallo: cibiya da ƙugu. Ƙafa tana ƙarya, kafaɗa tana ƙarya, ido ma yana ƙarya, amma mutum ba ya tafiya ya bar cibiyarsa.

Mararraba. Yaro ya taso da gudu mita 5, a gabansa akwai ƙofa biyu, dama da hagu, kai kana tsaye a tsakiya. Yana isowa ka yi taku ɗaya zuwa wani ɓangare. Idan ɗan baya ne ya bi ka, idan ɗan gaba ne ya bi ɗaya ƙofar. Da farko ka motsa da wuri, a hankali ka riƙa jinkirtawa, daga baya ka sa yaudara: ka nuna dama ka tafi hagu.

Ƙofa biyu da ƙwallo. Ɗaya da ɗaya a fili mai faɗin mita 10, mai ƙwallo na neman shiga kowace ƙofa cikin biyu, sakan 6 aka ba shi. Daga nan biyu da ɗaya, uku da biyu, har a kai ga ƙaramin wasa na huɗu da huɗu, inda za ka hana taɓa ƙwallo fiye da sau biyu. Ka sa musu dokar waiwaye: kafin ƙwallo ta iso ka, ka dubi bayanka. Wanda ya waiwaya ya riga ya yanke shawara tun ƙwallo na hanya, sai a ga kamar ya fi kowa sauri alhali ƙafarsa daidai take da ta kowa.

Kada ka yi musu tsawa idan sun yi kuskuren zaɓi a nan. Ka tambaya, "Me ka gani ka tafi can?" Amsar za ta nuna maka inda idonsa yake. Kuma ka koya musu ɗan ƙaramin tsallen shiri irin na 'yan tanis, a dira a kan ƙafa biyu daidai lokacin da abokin karawa zai motsa. Mai tsaye a kan dunduniya kafin ya ɗauke nauyinsa an wuce shi.

Tsanin igiyar nan da ake shimfiɗawa a ƙasa yara na tsattsaga ƙafa a ciki, wanda kowa ke ɗauka a bidiyo yana sa wa a Facebook, ba na hana shi. Yana da daɗi wajen ɗumama jiki. Amma dubi yaro a cikinsa: kansa a sunkuye, takunsa ƙanana marasa turi, kuma ya haddace abin da zai yi. Minti uku ya ishe shi.

Haɗa su a mako

A ce wasanku ranar Asabar ne. Talata ita ce babbar rana: ɗumama jiki, tsalle, tashi, birki, wajen minti 20 bayan ɗumamar, sannan a shiga aikin ƙwallo. Alhamis a sauƙaƙa: tashi uku ko huɗu, sai wasannin ido. Makonni biyu na farko a fi ba da ƙarfi ga dira, bango, da birkin rabin gudu. Na uku da na huɗu a shigo da kora, karya kwana, inuwa da mararraba. Na biyar da na shida kusan komai ya koma da abokin karawa da ƙwallo. A mako na bakwai a sake awo, a fili ɗaya, da takalmi ɗaya, a lokaci ɗaya na yini. Ragin kashi biyar cikin ɗari na sakan a mita 10 ci gaba ne na gaske, kada ka raina shi.

Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba sa buƙatar wannan lissafi, a ba su langa, guje-guje da kora. Wanda ya shiga shekarun tsawo, ya yi zaƙaƙam cikin 'yan watanni, zai iya rikicewa kamar ƙafafun ba nasa ba ne, wani ma ya riƙa kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a dunduniya. A rage masa tsalle, kada a ce ragwanci ne. Daga Maris zuwa Mayu a matsar da aikin zuwa sanyin safiya ko dab da magariba, ruwa a kusa. Da azumi a raba yawan aikin biyu amma a bar saurin yadda yake, kuma bayan an sha ruwa abinci ya faɗa ya fi.

Ko wace rana ce, lissafin da ke takardarka ba shi ne mai yanke hukunci ba. Idan ka ji takun yaro ya yi nauyi, ko ka ga wanda yake kama abokinsa a mita 12 yanzu ya kasa taɓa shi har layi, ko wani ya fara shafa bayan cinya yana cewa ba komai, aikin sauri na ranar ya ƙare ko da saura uku a rubuce. Wanda ya shafa cinya ya fita ya zauna, sauran ka jefa musu ƙwallo.